Gwajin Gano Uban Yaro: Bayani Ga Masu Zuwa Abijan da Iyalansu

Da an gama girbi, motoci kan cika da samari da magidanta masu tafiya ci-rani. Da yawa daga cikinsu Abijan suke nufa, babban birnin kasuwanci na ƙasar Kwaddebuwa. Wasu su tsaya a Adjamé, inda babbar tasha da kasuwanni suke. Wasu su ƙetare gada zuwa Treichville, kusa da tashar jiragen ruwa. Suna sayar da albasa, da katako, da nama, da garba, abincin nan na rogo da soyayyen kifi wanda har sunansa ma na Hausawa ne. Wani ya yi wata shida ya dawo, wani ya yi shekara goma.

A can ana aure, ana haihuwa. A gida ma matan da aka bari suna haihuwa. Wani lokaci sai gardama ta tashi: wannan yaro na wane ne, wa kuma zai ci da shi? Mutane kan zo ɗakin awon jini su ce a gwada musu jini a raba gardama. Wannan ɗan littafi zai bayyana muku abin da gwaji yake iya nunawa, da abin da ba ya iyawa, da yadda dokar Kwaddebuwa take aiki da shi.

Mene ne wannan gwaji?

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani. A cikin kusan kowace ƙwaya akwai wasu zaruruwa guda 46 masu ɗauke da gadon halitta. Guda 23 daga uwa suke, guda 23 daga uba. Abin da aka yi zaruruwan da shi ana kiransa DNA. A Abijan, inda ake Faransanci, za ku ji ana cewa ADN. Abu ɗaya ne.

A jikin zaruruwan akwai wurare da suka bambanta ƙwarai tsakanin mutum da mutum. A kowane wuri mutum yana da lamba biyu, ɗaya ta uwa, ɗaya ta uba. Ga misali. A wani wuri yaro yana da 12 da 15. Uwarsa tana da 12 da 14. Ke nan 12 daga uwa ta zo, 15 kuwa dole daga uba. In mutumin da ake zato yana da 15 da 17, ya dace a wannan wuri. In yana da 10 da 13, bai dace ba. Wuri ɗaya bai isa ba, domin mutane da yawa suna iya samun 15. Saboda haka ana duba wurare 15 zuwa 20 ko fiye. Da wuya ƙwarai baƙo ya dace da yaro a dukansu.

Wani masani mai suna Alec Jeffreys ne ya gano wannan hanya a jami'ar Leicester ta Ingila a 1984. Abin sha'awa, shari'ar farko da aka yi amfani da ita, a 1985, ta wani yaro ne ɗan asalin Gana. Hukumar shige da fice ta Ingila ta yi shakkar cewa matar da ya zo wurinta uwarsa ce. Gwaji ya nuna ita ce, aka bar shi ya zauna.

Rukunin jini da awon sikila wani abu ne dabam

A nan ne mutane suka fi ruɗewa, kuma ruɗun ya sha jawo wa matan kirki zargi.

Rukunin jini huɗu ne: A, B, AB da O. Shi ake dubawa kafin a ƙara wa mutum jini. Wani lokaci yana iya nuna cewa wane ba shi ne uba ba. In uwa da miji duka O ne, ba a sa ran ɗansu ya zama A ko B. Amma ba ya taɓa tabbatar da cewa wane shi ne uba, domin miliyoyin maza rukuninsu ɗaya. Kuma ku lura: uba A da uwa B suna iya haifar ɗa mai kowane rukuni cikin huɗun nan, har da O. Kada wani ya ce, "Ni A ne, ke B ce, daga ina O ya fito?" Daga ku biyun ya fito.

Awon sikila, wanda ke ba da AA, AS ko SS, shi ma ba gwajin gano uba ba ne. Iyaye biyu masu AS lafiyarsu lau, amma a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS. Ciwon daga uwa da uba yake zuwa, ba daga uwa kaɗai ba. In takardun awo sun yi kamar sun saɓa, abu na farko shi ne a sake awon a wani wuri mai inganci. Ana samun kuskure a ɗakin awo, ana musanya kwalabe, akwai kuma wasu irin jini, kamar mai C, da ke iya rikitar da karatu. Wanda aka ƙara wa jini kwanan nan ma awonsa ba zai fita daidai ba.

Kamanni da lissafin watanni

Kama da wane ba wane ba ne. Jariri kan fito da haske, ya yi duhu daga baya. Yana iya ɗebo hancin kakan kakansa. Zabiya kuwa iyaye baƙaƙe biyu ne suke haifarsa in kowannensu yana ɗauke da irin a ɓoye. Babu likita ko alƙalin da zai yanke hukunci da kallon fuska.

Lissafin wata ya fi amfani, amma a yi shi daidai. Daga shigar ciki zuwa haihuwa kwana 266 ne a tsakaice, wato kusan wata tara na lissafin ganin wata. Yana iya raguwa ko ƙaruwa da mako biyu ko uku ba tare da wata matsala ba. Ana kuma haihuwar bakwaini ya rayu. Saboda haka mutumin da ya tafi Abijan bayan girbi, aka aiko masa cewa matarsa ta haihu a tsakiyar damina, ba shi da dalilin zargi. Ya zauna ya ƙidaya da kyau.

Akwai maganar kwantaccen ciki, cewa ciki kan kwanta shekara biyu ko uku sannan ya tashi. Malaman fiƙihu suna da hukuncinsu a kan mafi tsawon ciki, mu kuwa a kan jiki muke magana. A aikin likita ba a ga ɗan tayi ya daina girma ya zauna da rai shekaru ba. Abin da akan tarar shi ne cikin ya lalace bai fita ba, ko haila ta ɗauke saboda shayarwa ko rashin lafiya, ko wani ƙari ne a mahaifa. Macen da take jin cikinta ya kwanta ta zo a duba ta, domin lafiyarta. Hoton ciki da aka ɗauka a wata ukun farko yana nuna kwanakin ciki, kuskurensa bai cika wuce mako guda ba. Katin awon ciki shaida ce babba. Ku adana shi.

Abin da dokar Kwaddebuwa ta ce

Dokar da ke maganar dangantakar ɗa da iyayensa ita ce mai lamba 2019-571 ta ranar 26 ga Yuni 2019. Ta maye gurbin tsohuwar dokar 1964.

Abu na farko da ya kamata kowane baƙo ya sani shi ne wannan: auren da hukumar Kwaddebuwa take ɗaurawa kuma take ƙirgawa shi ne wanda aka yi a gaban jami'in rajista, a ma'aikatar magajin gari, kuma mace ɗaya ne. Auren da aka ɗaura a masallaci ko a coci kaɗai, ko na gargajiya, aure ne a idon jama'a da addini, amma ba shi da ƙarfi a gaban kotu. In an yi auren hukuma, yaron da aka yi cikinsa cikin auren ɗan mijin ne kai tsaye. Miji yana iya musantawa a kotu in ya nuna cewa ba ya tare da matar tsakanin kwana 300 da kwana 180 kafin haihuwa, ko in binciken likita ya nuna ba shi ba ne. Wa'adin yin haka gajere ne, na 'yan watanni.

Mafi yawan mutanenmu a Adjamé da Treichville ba su yi auren hukuma ba. Ga doka, 'ya'yansu suna cikin waɗanda aka haifa ba cikin aure ba. Wannan ba zagi ba ne, matsayin takarda ne. Ma'anarsa ita ce sai uban ya amsa yaron da kansa, ko kotu ta ɗora masa. Hanya mafi sauƙi ita ce uban ya je da takardar shaidarsa da takardar asibiti zuwa ofishin rajista na gundumar da aka haifi yaron, ya sa a rubuta sunansa a takardar haihuwa. Dokar rajista ta 19 ga Nuwamba 2018 ta ba da wata 3 daga ranar haihuwa. In wa'adin ya wuce, sai an bi ta kotu a sami hukuncin da ake kira jugement supplétif, da wahalarsa da kuɗinsa.

Namijin da ke da matar hukuma ya haihu a waje, tsohuwar doka ta ce sai da yardar matarsa zai amsa yaron. Dokar 2019 ta sauya wannan. Yanzu sanar da ita ake yi, ta hannun ma'aikacin shari'a da ake kira commissaire de justice.

Da zarar an tabbatar da uba, yaron yana da haƙƙi daidai da ɗan da aka haifa cikin auren hukuma: ci da sha, da suna, da gado.

Takardar haihuwa ba ƙaramin abu ba ce. Karatu dole ne a ƙasar daga shekara 6 zuwa 16 tun 2015, kuma ana neman takardar wajen jarrabawar ƙarshen firamare. Ban da haka, tun 1972 haihuwa a Kwaddebuwa kaɗai ba ta mai da yaro ɗan ƙasa. Ta wajen uwa ko uba ake bi. Yaron da iyayensa duka baƙi ne, ba shi da takarda, uban kuma ya ɓace, yana iya girma babu ƙasar da zai nuna shaidar tasa ce.

In uba ya ƙi

Mu ɗauki misali. Wani ya auri wata a masallaci a Adjamé. Suka zauna shekara biyu a ɗaki ɗaya, ta yi ciki, suka yi faɗa, ya koma Treichville ya ce cikin ba nasa ba ne. Ta haihu, ba sunansa a takarda, ba ya aiko da ko dala.

'Yar'uwa, in ke ce, fara da sulhu. Shugabannin Hausawa na unguwa, da liman ko fasto, da waɗanda suka shaida ɗaurin auren, sau da yawa sukan shawo kan mutum cikin mako guda, abin da kotu za ta yi watanni a kai. Amma kada sulhun ya tsaya a baki. Ƙarshensa ya zama uban ya je ofishin rajista ya amsa ɗansa a rubuce.

In sulhu ya ƙi, doka ta ba yaro damar neman ubansa a kotu. Muddin yaron bai kai shekara 18 ba, uwarsa ce take shigar da ƙara a madadinsa. Kotun matakin farko ta Abijan tana Plateau, wadda ke tsakanin Adjamé da Treichville. Akwai wasu kotuna a birnin, kamar ta Yopougon, saboda haka a tambayi magatakarda wadda ta dace. Kafin ki je, ki nemi shawara a cibiyar jin daɗin jama'a ta gundumarku, wato centre social, ko a ƙungiyar mata masana shari'a ta ƙasar, AFJCI, wadda ke taimakon masu irin wannan matsala. Wanda ba shi da hali yana iya neman taimakon shari'a daga hukuma.

Kada ki ɗauka gwaji ne kaɗai shaida. Kotu tana duba ko an san kuna zaune tare lokacin da cikin ya shiga, ko ya yi miki alkawarin aure, ko ya taɓa rubuta cewa ɗansa ne, ko ya taɓa ɗaukar nauyin yaron a matsayin uba. Takardar ɗaurin aure ta masallaci ko ta coci, da hotunan suna, da saƙonnin waya da na WhatsApp, da shaidar kuɗin da ya turo ta Orange Money ko Wave, da maƙwabta, duk suna da amfani. Kada ki goge kome daga wayarki don fushi.

In alƙali ya ga akwai bukata, sai ya ba da umarnin gwaji, ya zaɓi ƙwararren da zai yi. Ƙin zuwa gwaji ba ya kashe ƙara. Alƙali zai ci gaba da sauran shaidun da ke gabansa.

Yadda ake yi

Ba ciwo, ba allura a yawancin lokaci. Ana goga wani tsinke mai auduga a cikin kunci, a sa shi a ambulan. Ana iya yi wa jariri sabon haihuwa. A bar ci da sha da ba da nono na kamar rabin awa kafin a ɗauka, kada a tauna goro ko taba. Wasu wurare jini suke ɗiba, sakamakon ɗaya ne. In an ƙara wa ɗayanku jini kwanan nan, ku faɗa. Ya fi kyau a gwada mutum uku, uwa da yaro da wanda ake zato, domin samun na uwa yana ƙara tabbaci.

Abin da ya raba gwajin kotu da na kasuwa shi ne tsaro. A na kotu kowa yana zuwa da kansa da takardar shaidarsa, a rubuta suna, a sa hannu, a liƙe ambulan a gabanku. Mutum yana iya turo abokinsa a madadinsa in ba a duba ba. Saboda haka, uwa, ki tabbata kin gan shi da idonki ranar ɗauka, ko kuwa an ɗauki hotonsa. Gwajin da mutum ya yi a ɓoye, da gashi ko farce ko tsinken da ya aika ta hannun wani, ba wanda zai iya rantsuwa na wane ne aka auna. Ɗaya ɓangaren yana iya ƙin yarda da shi, sai a sake biya.

Gwajin yana da tsada ga talaka, kuma sau da yawa wanda ya nema shi ne yake fara biya. Ku nemi farashi a rubuce da rasit. Ku yi hankali da 'yan tsakiya masu tsayawa a bakin kotu ko asibiti suna cewa sun san hanya, ko za su iya gyara sakamako. Ƙaramin ɗakin awo na unguwa, mai awon zazzaɓi da rukunin jini, ba shi da na'urar wannan aiki.

Ana iya gwaji tun yaro yana ciki. Akwai na jinin uwa, mai tsada ƙwarai. Akwai na zuƙo ruwan mahaifa da allura, wanda yana iya jawo ɓari. Ba mu ga dalilin da za a sa ran yaro cikin haɗari don gardamar da za a iya rabawa bayan 'yan watanni ba.

Karanta sakamako

Amsa iri biyu ce. Ko a ce an fitar da mutumin, ba shi ne uba ba. Ko a ce yiwuwar shi ne uba ta kai kashi 99.9 cikin 100 ko fiye. Ba a rubuta 100 cif, domin lissafi ne. Kada wani ya riƙe ɗan abin da ya rage ya ce akwai shakka.

In wuri ɗaya ne kaɗai bai dace ba, ba a fitar da mutum, domin gado kan ɗan sauya da kansa jefi-jefi. Sai a ƙara duba wasu wurare. In waɗanda ake zato 'yan'uwan juna ne, wa da ƙane ko 'ya'yan wa da ƙane, dole a gaya wa masu gwaji tun farko, kuma ya fi kyau a gwada su duka. Tagwaye masu kama ɗaya, gwajin da aka saba yi ba ya raba su. In mutumin ya rasu, ana iya gwada iyayensa ko 'yan'uwansa, sai dai tabbacin yakan ragu.

Kuɗin ciyar da yaro

Takardar gwaji ba ta ciyar da kowa. Sai kotu ta yanke cewa wane ne uba, a rubuta a rajista, sannan a yanke kuɗin wata-wata da ake kira pension alimentaire. Babu adadi ɗaya ga kowa. Alƙali yana duba bukatar yaro da ƙarfin uba, kuma ita ma uwa doka ta ɗora mata nata kason gwargwadon halinta. Ki zo da rasit na makaranta da na magani da na haya. In hali ya sauya, kowane ɓangare yana iya komawa a ƙara ko a rage.

Mai albashi ana iya yankewa daga albashinsa. Ɗan kasuwa ko mai sayar da garba kuwa ba shi da takardar albashi, karɓa daga gare shi ya fi wuya. Ƙin biyan abin da kotu ta yanke laifi ne da ake hukuntawa. Amma in mutum ya tattara ya koma Nijar ko Najeriya, hukuncin Abijan ba ya aiki a can kai tsaye, sai kotun can ta amince da shi. Shi ya sa yake da kyau mace ta san sunan mijinta na takarda, da garinsu, da wani danginsa, tun ana zaman lafiya.

Ɗan'uwa, kai ma mai biya, ka riƙa turawa ta hanyar da ke barin shaida. Kuɗin da ka miƙa hannu da hannu ana iya musantawa.

Kafin ka nemi gwaji

Gwaji ya fi amfani inda aka ƙi yaro, ko aka yi zargin musanya jarirai, ko yaro ya ɓata aka gan shi bayan shekaru. Inda muke jin tsoronsa shi ne inda magidanci ya ji tsegumi a tasha, ya ɗauki yaron da ya rena shekara goma ya kai shi a ɓoye. Sakamakon ba ya komawa cikin ambulan. In ya nuna ɗanka ne, matarka ta san ka zarge ta. In ya nuna ba naka ba ne, yaron da bai yi laifin kome ba shi zai fi kowa shan wahala.

Ga Musulmi, fiƙihu yana ba miji ɗan da aka haifa cikin aure bayan wata shida da tarewa, musantawa kuma tana da hanyarta ta li'ani. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ta zauna a Makka a 2002 ta yarda a yi amfani da gwajin inda aka rasa sanin nasaba ko aka cakuɗa jarirai, amma ba ta yarda a kore nasabar da ta tabbata da shi ba. Kowa ya tuntuɓi malaminsa ko fastonsa kafin ya ɗaga ƙafa.

In an yanke za a yi, a shirya tun kafin ranar sakamako. A karɓe shi a gaban alƙali ko ma'aikacin lafiya ko wani dattijo, ba a ɗaki daga miji sai mata ba. Kada a karanta shi a gaban yaro. Macen da ke tsoron duka ta faɗa wa ma'aikaciyar jinya ko ta centre social tun da wuri, a san inda za ta kwana da yaron a wannan dare.